Mai Ƙirga 'Ya'yan Mutane

Sallama gare ku masu bin labarina. Ku gyara zama, yau ba kwana-kwana zan yi ba.

Ni dai tun ranar da Uwaisu ya fara zuwa zance gidanmu na lura idonsa ba a kaina yake tsayawa ba. Zai yi sallama, ya durƙusa ya gaishe da Gwaggo, mu fita barandar baya mu zauna, ya dube ni sau ɗaya ya ce, "Kin yi kyau, Rumasa'u." Shi ke nan, sai idon ya tsallake kafaɗata ya tafi filin da ke bayan gida. Ni da na ɓata yamma guda gaban madubi ina kafa ɗaurin ɗankwali! Jama'a, kun taɓa jin budurwar da ta sha atamfa 'yar Holan, ta yi lalle, ta turara jikinta, sannan ta zauna tana kishi da fili? To ga ta nan, ni ce.

A shekarar 1984 ne, muna zaune a Amirka, a McLeansville, can gabas da Greensboro, inda gidaje suke a warwatse kuma ko gishiri za ka saya sai ka tada mota. Abbana, Malam Bello, yana koyar da aikin gona a jami'a. Ummata ta rasu shekara huɗu kafin nan, shi ne yayar Abba, Gwaggo Daso, ta taso daga Malumfashi ta zo ta riƙe mu. Har ranar da nake ba ku labari Gwaggo ba ta yarda da ƙararrawar hayaƙin da ke silin ɗinmu ba. Duk sanda ta kunna turaren wuta abin ya hau ihu, sai ta ɗaga kai ta ce, "Munafuki, je ka faɗa musu."

Filin nan na wani tsohon Bature ne mai noman taba. Da muka tare, Umma ta yi masa dambun nama ta kai masa har gida, ta roƙi aron ƙasa kamar yadda ake yi a garinmu. Tsohon ya yi dariya ya ce ta shuka abin da ta ga dama. Ba takarda, ba shaida. Umma ta farke bakin matashin kai, ta zazzago irin yakuwa da rama da kuɓewa da ta ɗinke a ciki tun daga gida, ta yi kunyoyinta a jar ƙasar nan. In sanyi ya matso yakuwa ba ta gama yin 'ya'ya ba, tsofaffin zannuwanta take lulluɓa mata har iri ya ƙosa. Bayan ta rasu ni da Gwaggo muka ci gaba, irin bara shi ne shukar bana. Ba zan ɓoye muku ba, in na shiga tsakanin kunyoyin nan ji nake kamar Umma ɗaki ta shiga ɗauko wani abu, yanzu za ta fito.

Sauran filin kuwa na kowa ne. Yaran gidajen Hausawa uku da ke layinmu da na maƙwabtanmu baƙaƙen Amirka nan suke ƙwallo, sun kafa raga da tsofaffin bututu. Akwai wata ƙatuwar bishiya da aka ɗaure wa tayar mota ana lilo. Nan muke shimfiɗa tabarmi mu yi sallar idi, nan ake walimar suna.

Sai tsohon ya mutu. 'Ya'yansa suka sayar wa wani kamfanin gine-gine, muka wayi gari muka ga an kakkafa turaku masu jan ƙyalle a gefen filin. Kuma a cikin watan nan, ba kafinsa ba, ba bayansa ba, Uwaisu ya fara zuwa wurina.

Ɗan Kazaure ne, yana digiri na biyu a fannin tsara birane, yana kuma aiki a ofishin tsare-tsare na gunduma. Dogo, mai sanyin magana, da wata tsohuwar Datsun da sai an lallashe ta take tashi. Ba zan yi ƙarya ba, ya kwanta mini. In na ji tarin motar nan a ƙofar gida har wani abu ke tsarga mini. Amma na ce a raina, Rumasa'u, ma'aikacin ofishin filaye, da turaku, da soyayya, duk a wata ɗaya? Da walakin, goro a miya.

Kuma ku ji irin zancen da yake yi mini.

"Kin san akwai ƙa'ida a gunduma, duk mutum dubu sai an ware musu eka kaza ta filin shaƙatawa?"

"Ban sani ba."

"Kuma ba a son yaro ya tsallaka babban titi kafin ya kai wurin wasa."

"Wannan shi ne zancen namu na yau?"

"Tsaya ki ji. Duk kamfanin da zai gina rukunin gidaje, dole ya bar wani yanki ba gini."

"Allah ya ba su sa'a."

Ya yi dariya ya ce, "Ke dai ba ki son ilimi." Na ce ina so, amma ba da kwalliya nake zuwa aji ba.

Wata Asabar Gwaggo tana zaune kusa da mu tana tsinke rama, sai ya juya ya ce, "Gwaggo, yaran da ke wasa a nan za su kai nawa?"

Gwaggo ta ɗago ta dube shi. "Suna da albarka."

"Eh, amma kamar nawa?"

"Albarka dai, ɗan nan."

Kowa ya san ba a ƙirga 'ya'yan mutane, amma wannan bawan Allah boko ya shanye shi. Bai daddara ba, ya je ya tambayi maƙwabciyarmu Anti Zainabu, 'yar Maraɗi mai baki kamar reza. Ta tofa a gefe ta ce, "Tubarkalla masha Allah! Kaji ne da za ka ƙirga mini su?" Daga nan ya daina tambaya, amma ina kallonsa. In yara suna ƙwallo leɓensa motsi yake. Rannan na leƙo ta tagar kicin na gan shi yana taka filin da dogayen taku, daga bishiya zuwa lambu, daga lambu zuwa titi. Wani zuwan kuma ya roƙi Gwaggo ɗan irin yakuwa, wai sha'awa yake. Ta ƙulle masa a ƙyalle tana murna. Na ce a raina, sha'awa ko shaida?

Gwaggo kuwa ba ta ganin laifinsa. Kullum maganar ke nan.

"Shekara ashirin da uku, Rumasa'u. Sa'o'inki a Malumfashi suna goyon na uku. Ga yaro mai kunya, mai sallah, me kike jira? Bature?"

"Gwaggo, ni fa ban gane ni yake so ko filin ba."

"Ji shashanci. Filin zai dafa masa tuwo?"

Abba ma ya san da maganar, yana kuma son sa, don har su kan keɓe a falo suna ƙus-ƙus. Da aka yi dogon hutu Abba ya tafi Zariya, ya bar mu ni da Gwaggo.

Ranar da abin ya fashe Asabar ce, ana wani zafi mai ɗanko. Na sa atamfata koriya mai zanen ganye, ina kicin ina tace zoɓo, sai Uwaisu ya leƙo ya ce, "Zan iya amfani da wayarku? Akwai wadda zan kira a kan aiki."

Wadda. Ranar Asabar.

Na ce, "Ga ta can a falo."

Wayarmu biyu ce a layi ɗaya, ɗaya a falo, ɗaya a bangon kicin. Wanda zai ce bai kamata ba ya faɗa, ni dai na ɗaga ta kicin a hankali, na toshe bakinta da gefen ɗankwalina. Muryar wata mata ce, babba, da Turancin mutanen nan mai ja. Na ji Uwaisu yana ce mata:

"Ranar Alhamis da yamma ku zo, za ku same su duka a wurin. A'a, ba su sani ba, kuma gara kada su sani. Shekara da shekaru suna amfani da shi, ba su da takarda ko ɗaya. Abin da suka shuka ma ba na ƙasar nan ba ne, za ki gani da idonki."

Matar ta ce za ta zo da mutumin kamfani, da kyamara.

Innalillahi. Na jingina da firji. Wato duk durƙuson nan, duk "Gwaggo ina wuni" ɗin nan, leƙen asiri ne. Na mayar da wayar, na share fuskata, na zuba zoɓo a kofin gilas har da ƙanƙara, na kai masa baranda da murmushina.

"Uwaisu, akwai abin da kake son gaya mini?"

Ya dube ni, idonsa har wani ƙyalli yake. "Akwai. Amma ba yau ba."

"Sai yaushe?"

"Ranar Alhamis dai kada ki je ko'ina. Kuma ki sa wannan atamfar, ta karɓe ki."

Na ce, "In sha Allahu." A raina kuwa na ce, wato so kake a kama ni da kwalliya. Kifi na ganinka, mai jar koma.

Yana tafiya na zayyane wa Gwaggo komai. Da farko ta ce sharri ne. Na maimaita mata kalma bayan kalma, har da maganar shukar da ba ta ƙasar nan ba. Sai ta zauna a bakin kujera, ta daɗe tana murza carbinta ba ta ja.

"Har iri na ba shi da hannuna," ta ce.

"Na gaya miki, Gwaggo."

"Yaron da nake zuba wa man shanu a miya."

Ta aika aka kira Anti Zainabu da sauran matan layin. Kafin la'asar falonmu ya cika. Wannan ta ce tara za a ci mu, waccan ta ce ai shigo da iri laifi ne babba, a filin jirgi ma ƙwacewa suke. Anti Zainabu ta ce mijinta a sito yake dako a titin Wendover, takardunsa na karatu ne ba na aiki ba, in 'yan sanda suka rubuta sunansa sun kaɗe. Na gwada neman Abba ta gidan wani abokinsa a Zariya, layin ƙasar waje ya yi ta ƙugi kamar ana ruwa, ya katse. Na sake, ya katse.

Sai Gwaggo ta gyara ɗaurin zaninta ta ce, "Ku saurara. Ina yarinya, in aka ce masu jangali sun taho, kakanmu ba ya gardama da kowa. Tun asuba za a kora shanu bayan dutse, a share kashinsu, a watsa toka a garke. Malamin haraji ya zo ya tarar da saniya biyu da gurguwar akuya, ya rubuta, ya sha fura, ya tafi. Gwamnati ba ta taɓa ƙirga abinka don ta ƙara maka ba. In ta zo ƙirga, ɓoyewa ake."

Duk muka ce haka ne. Wallahi ko ɗaya a cikinmu ba ta ce a'a ba.

Ranar Laraba muka yi aikin. Matasan layin suka tuge bututun raga suka jefa a gareji, aka kwance tayar lilo, aka kwashe bencina. Ni aka tura wurin maƙwabta, na bi gida-gida ina gaya wa iyayen yara da Turanci cewa an ga maciji mai dafi a filin, kada kowa ya bar ɗansa ya je sai an yi feshi. Har godiya suka yi mini.

Lambun muka bari ƙarshe. Yakuwar ta kai ƙuguna, jajayen rassanta sun yi ɓul-ɓul, amma ko fure ba ta fara ba, balle iri. Na tsaya da fartanya a hannu na kasa. Gwaggo ce ta fara, ta kama ta farko ta yi bisimilla ta tuge. Ƙarar saiwar nan da ta bar ƙasa har yau tana kunnena. Na yi kuka, jama'a, kuka mai majina. Ina tugewa ina tsine wa Uwaisu, ina cewa Allah ya isa tsakanina da kai, ka sa na tuge Ummata da hannuna. Muka baje kunyoyin, muka ja manjagara, muka watsa busassun ganye a kai. Da muka shiga gida Gwaggo ta ɗauko gwangwanin da muke ajiye ragowar iri, ta juye a masai ta ja ruwa.

"Sai su zo su nemi shaida," ta ce.

Ranar an yi faten yakuwa tukunya guda a kowane gida. A namu dai ba wanda ya iya ci.

Alhamis ta zo. Ban sa koriyar atamfar ba, wata kodaɗɗiyar doguwar riga na zura. Matan layin da yaransu duk suka taru a falonmu, muka saki labule, aka kunna wa yara talabijin ƙasa-ƙasa, aka ce duk wanda ya yi tari sai ya sha dundu. Ni da Gwaggo da Anti Zainabu muka maƙale a tagar kicin.

Bayan la'asar sai ga tarin Datsun, bayanta wata farar mota mai tambarin gunduma. Uwaisu ya fito cikin farar shadda da hula zanna, shi da kullum kwat yake sawa in zai je ofis. Wata mata baƙar Amirka mai furfura da tabarau ta fito daga farar motar, sai wani jan Bature mai tumbi da kyamara a wuya. Uwaisu yana gaba yana ta bayani da hannu, yana murmushi, har suka zagayo bayan gida.

Ya tsaya cak.

Ya dubi inda raga take. Ya dubi bishiya. Ya taka da sauri zuwa inda lambu yake, ya sa takalmi ya ture ganyen, ya tsuguna ya damƙi ƙasa. Ya miƙe ya juya, ya sake juyawa, kamar wanda ya sauka a tashar da ba tasa ba.

Anti Zainabu ta ce, "Alhamdulillahi! Ka ga jangali."

Ni ma daɗi na ji, ba zan ɓoye ba. Na ce yau asirinka ya tonu, maci amana. Abu ɗaya ne ya ɗan tsaya mini: Baturen kamfanin ya fi kowa murna. Sai ɗaukar hoto yake, ƙyas, ƙyas, yana dariya har tumbinsa na rawa. Na ce to shi da ya zo kama mu bai samu kowa ba, murnar me yake? Matar kuwa ta cire tabarau ta dubi Uwaisu, irin kallon da uwa ke yi wa ɗan da ya yi mata ƙarya gaban baƙi.

Sai muka ga ya nufo gidan da gudu. Ya hau buga ƙofar baya.

"Gwaggo! Rumasa'u! Na san kuna ciki. Don girman Allah ku fito da yaran!"

Anti Zainabu ta dafe ƙirji. "Kun ji ko? Yaran yake so."

"Rumasa'u, ki buɗe! Minti biyar kawai!"

Hannuna ya kai kan sakata, ban san sanda ya kai ba. Gwaggo ta damƙe wuyan hannuna ta girgiza kai. Ya buga, ya buga, har ya gaji. Ta ƙasan labule na ga matar ta dubi agogonta ta juya. Motar gunduma ta tashi, Datsun ta yi tari ta bi ta.

Falo ya kaure da shewa. Anti Zainabu har da guɗa.

Dab da magariba, kowa ya watse, sai ga shi ya dawo shi kaɗai. Bai shigo ba, a matakalar baranda ya tsaya, gwiwar farar shaddar duk jar ƙasa. Na fito na riƙe ƙugu, Gwaggo na bayana. Ban bari ya fara ba.

"An dawo ƙirga ne? Ai sai ka fara da ni, ɗaya. Ga Gwaggo, biyu."

"Rumasa'u, ina lambun?"

"Wane lambu? Mu ba mu san wani lambu ba. Je ka gaya wa uwar ɗakin naka. Na ji ku da kunnena, 'gara kada su sani.' Ka ci tuwonmu, ka sha zoɓonmu, ashe kai ɗan rahoto ne!"

Ya daɗe yana kallona. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta faɗa a yini ɗaya haka ba.

"Kin tuna na gaya miki dole kamfani ya bar wani yanki ba gini?"

"Na tuna karatun da ka yi ta yi mini."

"Su so suke su bar kwarin can na tsallaken titi, bakin rafi, inda ruwa ke kwanciya. Ko ba ƙa'ida ba za su iya gini a can ba. Amma in akwai wurin da mutane suka riga suka mayar wurin wasa, kuma yaran unguwa suna da yawan da ya isa, ofishinmu na iya cewa a'a, nan za ku bari. In aka bar shi ya zama na jama'a har abada, ba mai sake kafa turke. Har lambun na sa a ciki, a matsayin lambun unguwa. Tun bazara nake fama. Shugabata ta ce ba ta aiki da labari, sai ta zo ba sanarwa ta ga yadda kuke kullum."

Amma bakina bai mutu ba.

"To shukar da ba ta ƙasar nan ba fa? Me ya kai ka faɗa mata?"

"Ita ce ta sa ta yarda ta zo. A lambun kakarta ta tashi. Ta ce tana son ta ga yakuwa."

Na ji Gwaggo ta zauna daɓas a bayana.

"Sai a sake kiran ta," na ce. "Gobe mu mayar da raga, mu tara yara."

"Sun ɗauki hoto, Rumasa'u. Fili ba kowa, ba komai. Wata maƙwabciyarku ma ta tare mu a titi ta ce wurin macizai ne, ba ta barin 'ya'yanta su je. Gobe za a sa hannu a yarda kwarin za su bari. Shugabata kuma ta gano gidan da nake neman aure ne. A ganinta ƙarya na shirya don surukaina."

Maciji. Ni da bakina.

"To me ya hana ka faɗa?" Na ɗaga murya, don in ban ɗaga ba kuka zan yi. "Na tambaye ka! A nan wurin na tsaya na tambaye ka!"

"Kin tambaya."

"Ka ce ba yau ba!"

"An ce kada in faɗa."

"Wa ya ce?"

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Wata biyar ina zuwa gidan nan. Da kika ji abin da kika ji, ko sau ɗaya zuciyarki ba ta ce miki Uwaisu ba zai yi haka ba?"

Na sauke hannuna daga ƙugu.

Gwaggo ta yi magana daga ƙasa, ɗankwalinta ya zame ba ta ma sani ba. "Ɗan nan, irin ma na zubar. Na uwarta ne. Babu saura."

"Wanda kika ba ni na shuka a gwangwanaye, Gwaggo. Ya fito. Zan aiko muku."

Ya durƙusa ya yi mata sallama kamar kullum. Ni bai dube ni ba. Ranar, don neman magana, Datsun bugu ɗaya ta tashi.

Aikowa ya ce zai yi, jama'a. Bai ce zai kawo ba.

Washegari da safe na buɗe ƙofar baya na tarar da gwangwanayen madara guda uku a jere kan matakala, kowanne da yakuwa 'yar siririya, an ɗaure ta da zare a jikin tsinke don kada ta karye. Ba a ƙwanƙwasa ba, ba a bar saƙo ba. Ina tsugune a gabansu sai wayar kicin ta hau ƙara. Na tashi da gudu har ina tuntuɓe, na ce shi ne.

Ƙugin layin ƙasar waje na ji, sannan muryar Abba, can nesa, cike da fara'a.

"Rumasa'u? Daga ofishin waya na Kaduna nake, layin ba zai daɗe ba. Albishirinki! Jiya baffannin Uwaisu suka zo daga Kazaure da goronsu. Na ce in dai kin amince, ni na ba shi."

Na riƙe igiyar wayar da hannu biyu.

"Yaron nan ɗan halak ne. Tun kafin in taho ya gaya mini abin da yake yi a kan filin. Ni na ce kada ya faɗa muku sai ya tabbata, kin san Gwaggonki, in ta ji sunan gwamnati ba za ta yi barci ba. Baƙin nasa sun zo ko? Kun dai tarbe su da kyau?"

Ta taga ina hango filin. Jar ƙasa shafe, iska na kwashe ganyen da muka watsa. Daga bakin titi wata motar kamfani ta tsaya, mutum biyu suna sauke sababbin turaku.

"Rumasa'u? Kina ji na?"

"Ina ji, Abba."

"Madalla. To gaya mini, yaya lambun Ummanki? Yakuwar ta fara fure?"